Keken Ɗaka da Yankewar Rezo a Kasuwanninmu

 Yau za mu ɗauko zancen namu daga nesa, daga wani abu da in aka ba tsoho labarinsa a Sae Sabuwa zai ce ba'a ake yi masa, wato keken da ake hawa a tsakar ɗaki, a yi ta tuƙi har zufa ta jiƙa riga, amma ko taku ɗaya bai gusa daga inda aka girke shi ba. Kada wani ya yi saurin ninke jarida ya ce me ya haɗa shi da wasan masu ƙoshi, domin kuwa ciwon da ke damun masu wannan keke shi ne yake cinye mana riba da mutunci a kasuwa, sai dai su sun zauna sun gano kansa, mu kuwa har yanzu magana ɗaya gare mu: "rezo ne".

Ga yadda abin yake. A ƙasashen Turai da Amurka, inda sanyi ke kulle mutane a gida wata da watanni, masu tseren keke sukan cire ƙafar baya su ɗaura keken a kan wata na'ura, wasu kuma su sayi wanda aka ƙera musamman don haka daga kamfanoni irin su Wahoo na Amurka ko Tacx na ƙasar Holan. Na'urar tana auna ƙarfin da mutum ke taka feda da shi, ta aika wa kwamfuta ko wayar salula ba tare da igiya ba. Ita kuma kwamfutar, ta hanyar wata manhaja irin su Zwift wadda ta fito a shekarar 2014, sai ta nuna masa ɗan hotonsa bisa keke yana gudu a kan hanya, tare da sauran mahaya da ke cikin ɗakunansu a wasu ƙasashe. Idan hanyar da ke allo ta hau tudu, sai feda ta yi masa nauyi, in ta gangara ta saki. A shekarar 2020 da annobar korona ta hana taruwa, har gasar nan ta Tour de France an yi irinta a cikin ɗaka a watan Yuli, sannan a watan Disamba aka yi gasar duniya ta farko, inda wata 'yar Afirka ta Kudu mai suna Ashleigh Moolman-Pasio ta zo ta ɗaya a ɓangaren mata. Ashe ke nan akwai kuɗi da suna a ciki.

To babban abin da waɗannan mutane ke tsoro shi ne yankewa. Mutum yana tsakiyar tsere, ya ba da dukkan ƙarfinsa, sai kawai abu ya tsinke. Amma abin da ya burge mu shi ne ba sa haɗa kowace yankewa su yi mata suna ɗaya. Idan ɗan hoton ya tsaya cik, lambar ƙarfi ta koma sifiri alhali ƙafa na kan aiki, sauran mahaya kuma suna ta wucewa, sun san matsalar tana cikin ɗaki, tsakanin keke da kwamfuta. Idan kuwa hoton yana ci gaba da gudu amma abokan tsere suka ɓace, hanya ta zama wayam, sun san intanet ne ya ɗauke, keke ba shi da laifi. Alama biyu, ciwo biyu, magani biyu. Wanda ya kasa bambance su zai kai lafiyayyen keke wajen gyara, ko ya yi ta zagin kamfanin sadarwa alhali ɗan batirin da bai fi kwabo girma ba ne ya mutu a jikin na'urarsa.

Mu da muke aikin rediyo mun fi kowa saurin fahimtar dalilin irin ta cikin ɗaki. Keken yana magana da kwamfuta ne ta Bluetooth, wannan dai da yaranmu ke tura wa juna waƙoƙi da shi, ko ta wani ɗan'uwansa da ake kira ANT+. Su biyun a zango ɗaya suke, zangon gigahas 2.4, kuma a nan ne Wi-Fi na gida yake, har da murhun lantarkin nan mai ɗumama abinci. Duk wanda ya taɓa murɗa rediyonsa da dare ya ji tasha biyu suna hawa kan juna ya san abin da muke nufi. Saboda haka sai su matso da ɗan kunnen da ke karɓar saƙo kusa da keke da doguwar igiya, su kashe sauran wayoyin da suka taɓa haɗuwa da keken domin kada wata ta riga ta kama shi, su mayar da Wi-Fi wani zango, su sabunta batir. Kuma ƙa'idarsu ita ce ba a canza abu biyu a lokaci guda: a taɓa ɗaya, a gwada, sannan a taɓa na gaba, kuma daga kusa ake farawa kafin a tafi nesa.

Yanzu mu dawo gida. Tun da wayar salula ta shigo Nijar a farkon shekarun 2000, ciniki ya sauya kama. Mai wake a Gidan Rumji yana jin farashin Maraɗi kafin ya ɗaura buhu, mai aya a Agye ko Gazawa tana karɓar kuɗinta daga dillalin da ba ta taɓa gani ba, ɗan kabu-kabu ma da waya ake kiransa. Wato abin da ga Bature wasa ne ko neman lambar yabo, a gare mu tuwon dare ne. Amma duk da haka mu ne ba mu damu da sanin kan abin ba.

Mu fara da kanmu, kada a ce muna wa'azin abin da ba mu taɓa faɗawa ciki ba. Akwai lokacin da a filinmu na gaishe-gaishe kiran masu sauraro ya yi ta katsewa, mutum ya fara gaida gwaggonsa sai shiru. Kusan mako biyu muna ba da haƙuri a iska muna cewa kamfanin waya ne, har da 'yar baƙar magana. Rannan wani yaro mai koyon aiki ya ɗaga wayar da muke karɓar kira da ita, sai ga shi igiyar da ta haɗa ta da na'urar ɗakin watsa shiri ta tsage a wuya, in an motsa tebur ta saki. Igiyar da ba ta kai kuɗin tiyar gero ba! Kunya ta hana mu faɗa a lokacin, yau ga shi mun faɗa.

Na biyu ya fi wannan ciwo. Wata baiwar Allah daga wani ƙauye a ƙasar Sae Sabuwa ta kira mu tana kuka. Ta sayar wa wani mutum da suka daɗe suna hulɗa kaya na jika 40, ya ce ya tura mata ta waya, ita kuma saƙo bai shigo ba. Ta riƙe kaya, shi ya rantse, mutane suka taru, har aka kai ga kalmar da ba a so, aka ce masa macuci. Don ya fita kunya sai ya sake turawa, nan ma shiru, ya tafi ba kaya ba kuɗi. Bayan isha'i saƙo biyu suka faɗo mata a jere, jika 80. Ta mayar masa da rabi, ta aika masa da kayansa, amma har yau bai sake tsayawa a rumfarta ba. Ba wanda ya ci na wani a cikinsu, amma amanar shekaru ta tafi saboda ba wanda ya san cewa rashin zuwan saƙo daban, rashin zuwan kuɗi daban.

A nan ne muke son iyayenmu mata su ba mu kunne sosai. Kuɗin da aka tura ba a cikin waya suke zama ba, suna cikin littafin kamfani ne, saƙon da ke shigowa kuwa ɗan aike ne kawai, kuma ɗan aike yakan makara a hanya. Don haka idan mai saye ya ce ya tura, Hajiya, kada ki tsaya jiran ƙarar saƙo, kada kuma ki yarda da hoton da zai nuna miki a allon wayarsa, domin ana ƙirƙirar na ƙarya, kuma 'yan damfara sun fi son ranar da rezo ke rawa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ki duba asusunki da kanki ki ga ko ya ƙaru. In ba ki iya ba, ki sa ɗanki ko wanda kika amince da shi, amma lambar sirri ta zauna a bakinki ke kaɗai. Shi kuma mai turawa, Alhaji, in abu ya tsaya maka a tsakiya kada ka sake dannawa cikin fushi. Duba naka asusun tukuna: in an cire, kuɗi sun tashi, sai a rubuta lambar shaidar da aka ba ka a takarda tare da ranar da lokacin, a gaban mutum biyu, a ajiye kaya wajen amintacce har abu ya bayyana. In ba a cire ba, sannan ka sake.

Sai kuma sanin inda igiyar ta tsinke, kamar yadda masu keke ke yi. Abu mafi sauƙi, wanda ba ya cin ko dala, shi ne ka tambayi maƙwabcin rumfarka mai layi irin naka. In tasa na aiki taka ba ta yi, to bar zagin kamfani, ciwon yana hannunka. Wataƙila katin intanet ɗinka ne ya ƙare ba ka sani ba, wanda ya fi komai yawan faruwa. Wataƙila batir ya yi ƙasa waya ta shiga tsimi, ta rufe wasu ayyuka da kanta. Wataƙila ta sha rana a kan faranti tun hantsi, domin waya in ta yi zafi takan rage aiki don ta tsira, kuma zafin watan Afrilu a ƙasar Maraɗi ba sai an ba kowa labari ba. Ƙurar hunturu ma takan shiga inda layi ke zama, a cire a goge da tsumma mai taushi a mayar. Masu waya mai layi biyu kuma su sani, a yawancin irin waɗannan wayoyi idan kira ya shigo ta layi ɗaya intanet ɗin ɗayan yakan tsaya har a gama magana, don haka in kana tsakiyar tura kuɗi kada ka ɗauki kira, ko na surukarka ne. Haka nan shagon kwano ko na kwantena yana tare saƙo kamar yadda yake tare iska, wani lokaci taku biyar zuwa bakin ƙofa shi ne dukkan maganin. In duk an duba ba a ga komai ba, a danna alamar jirgin nan a jira kaɗan a cire, ko a kashe wayar a kunna, domin ta sake neman eriyar da ta fi kusa.

Idan kuwa ta maƙwabci ma ba ta yi, sai a dubi ƙananan sandunan da ke saman allo. In sun cika amma kira ba ya fita, musamman ranar cin kasuwa, cunkoso ne: eriyar da aka kafa don mutanen gari ce dubban baƙi suka taru a kanta, kamar rijiya ɗaya ranar biki. A irin wannan hali manhajar da ke cin intanet ita ce ke fara faɗuwa, amma lambobin nan da ake dannawa masu farawa da tauraro ba su buƙatar intanet, sau da yawa sukan wuce inda manhaja ta kasa. Shi ya sa muke ganin kuskure ne ɗan kasuwa ya yar da 'yar ƙaramar wayarsa mai maɓalli don ya sayi babba, gara ya riƙe su biyun, kuma in da hali layukan su zama na kamfani daban-daban. Wanda ke da babban biya kuma ya yi shi da sassafe kafin kasuwa ta cika. A ƙauyen da rezo ke da rauni, inda waya ke ta tsalle tsakanin 4G da 3G, a sa wani mai sani ya tsayar da ita a kan guda, domin a wajen tsallen ne magana ke yawan faɗuwa. Masu zuwa Ɗan Isa da Jibiya kuma sun san yadda waya kan kama layin tsallaken iyaka da kanta, su ma sai su riƙa duba sunan kamfanin da ke allo kafin su fara ciniki.

In kuwa sandunan sun ɓace gaba ɗaya ga kowa da kowa, to abin ya fi ƙarfin rumfa, kada a ba mai gyara ko tamma. Eriya da wuta take aiki, ko ta layi ko ta janareta ko ta hasken rana, in wuta ta ɗauke batir ya ƙare, ta yi shiru. Mu a nan wutar da yankin Maraɗi da Damagaram suka daɗe suna dogaro da ita daga Katsina take shigowa ta Gazawa, kuma ba mu manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta yanke wa Nijar wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a maido ba sai a 2024 bayan an ɗage takunkumi. Wani lokaci ma tsinkewar ta fi haka nisa. A ranar 14 ga Maris 2024 manyan igiyoyin intanet da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kodebuwa, ƙasashe da dama na Yammacin Afirka suka shiga wahala kwana da kwanaki, kuma ƙasa irin tamu da ba ta da teku ta hannun maƙwabta take samun nata. A watan Satumba 2021 kuma gwamnati ce da kanta ta sa aka rufe layuka a jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda 'yan bindiga. Masu hulɗa da naira kuwa sun ga abin da ya faru a farkon 2023, da takardun kuɗi suka yi wuya kowa ya koma tura ta waya, bankuna suka cushe, kuɗi suka yi ta maƙalewa a hanya. Duk waɗannan sunansu ɗaya a bakinmu, alhali ba uwa ɗaya ta haife su ba.

Kada dai wani ya ɗauka muna wanke kamfanoni ne. Ko kusa. Ra'ayinmu shi ne wanda ya share ƙofar gidansa shi ke da bakin ce wa maƙwabci ya share tasa. Masu keken ɗaka, da yake suna rubuta abin da ya same su dalla-dalla, minti kaza abu kaza ya yanke, sun sa masu ƙera na'urorin sun ji, har a 2021 kamfanin Wahoo ya fito da wata 'yar na'ura da ke haɗa keke da intanet ɗin gida ta igiya kai tsaye, ga wanda ya gaji da saƙon iska. Masu wasa ke nan aka yi wa haka. Mu da muke biyan kati da guminmu, muna da kamfanoni huɗu a ƙasa, Airtel da Moov Africa da Zamani da Niger Telecoms, muna kuma da hukumar ARCEP da doka ta ɗora wa sa musu ido. A 2017 hukumar da ta gabace ta ta ci kamfanonin tarar da ta haura biliyan 3 na sefa saboda rashin ingancin aiki, ke nan ba a ce ba a taɓa su ba. Amma ina tasirin tarar da aka ci a Yamai ga mai ƙuli-ƙuli a Sae Sabuwa, in ba wanda ya kai maganar kasuwarta? Kamfani ya san ranakun cin kasuwa sarai, domin a ranakun ne ya fi sayar da kati, saboda haka ba shi da hujjar barin eriya ɗaya ta ɗauki kayan da ya fi ƙarfinta shekara da shekaru. Kuma in kuɗin mutum suka maƙale, bai kamata sai ya biya mota zuwa Maraɗi ya kwana a layi kafin a saurare shi ba, ya kamata wakilin da ke karɓar kuɗi a ƙauye ya zama yana iya karɓar kuka.

Sai dai kuka a bakin rumfa ba ya zuwa ko'ina. Abin da muke ba sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin mata masu adashi shawara a kai shi ne, kowace kasuwa ta sayi littafi guda irin na 'yan makaranta, a ba wani yaro mai karatu. Duk ranar da layi ya ɗauke wa jama'a, bayan an tabbatar ba wayar mutum ɗaya ba ce, a rubuta kwanan wata, da ƙarfe nawa ya tafi da ƙarfe nawa ya dawo, da layin wane kamfani ne, da ko sanduna sun cika ko sun ɓace, da yawan kuɗin da suka maƙale da lambobin shaidarsu. Bayan wata uku a kwafe shi gida uku, ɗaya ga magajin gari, ɗaya ga ofishin kamfanin a Maraɗi, ɗaya ga ARCEP, da sa hannun sarkin kasuwa. Mu kuma a namu ɓangaren, duk kasuwar da ta kawo mana nata littafin, daga Gidan Rumji har Gazawa, za mu karanta shi a iska shafi bayan shafi, mu kuma ba wakilin kowane kamfani da aka ambata kujera da makirfo ya zo ya ba da amsa.